Abdul Karim Bajamushe: Tambayoyi da Amsoshi kan Heinrich Barth da Tafiye-tafiyensa a Ƙasar Hausa, Borno da Tambutu

Ɗaliban tarihi da masu bin diddigin garuruwansu ba su daɗewa a bincike sai sun ci karo da sunan Barth. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Heinrich Barth, kuma daga ina sunan Abdul Karim ya fito?

Bajamushe ne, an haife shi a Hamburg ranar 16 ga Fabrairu 1821. Ya yi karatun tarihi da labarin ƙasa da harsuna a Jami'ar Balin, ya gama digirinsa na uku a 1844. Daga 1845 zuwa 1847 ya zaga gaɓar Bahar Rum shi kaɗai, tun daga Maroko har Masar da Sham, kuma a wannan tafiya ce Larabcinsa ya nuna. A kusa da iyakar Masar 'yan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka kwashe masa kaya.

Sunan Abdul Karim shi ya zaɓa wa kansa don ya yi sauƙin kira a bakin Larabawa da Buzaye da Hausawa. Bai musulunta ba. A Kano da Kukawa, babban birnin Borno na lokacin, da Wurno kowa ya san Nasara ne. Wuri ɗaya kawai ya ɓoye addininsa, an yi bayaninsa a amsar da ta shafi hanyar Tambutu.

Tun da Bajamushe ne, yaya aka yi gwamnatin Ingila ta aiko shi?

Shugaban tafiyar na asali Baturen Ingila ne, James Richardson, mai fafutukar hana cinikin bayi. Gwamnati ta ba shi aiki biyu: ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan kudu da Sahara, ya kuma kawo rahoto kan fataucin bayi. Da yake Richardson ba masanin kimiyya ba ne, sai aka nemi masana daga Jamus ta hannun jakadan Farushiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamus na lokacin, a Landan. Aka samu Barth da Adolf Overweg, masanin duwatsu da taurari. An gindaya wa Barth sharaɗin ya kawo fam 200 na guzurinsa daga aljihunsa. Su ukun suka bar Tarabulus a ƙarshen Maris 1850. Cikin kayansu har da jirgin ruwa na katako da aka yanka gida huɗu aka ɗora wa raƙuma, don a haɗa shi a Tafkin Chadi.

Wace hanya suka bi har suka iso ƙasar Hausa?

Ba sabuwar hanya suka sara ba. Tsohuwar hanyar fatake suka bi: Tarabulus, Murzuk a watan Mayu, Gat a watan Yuli, sannan duwatsun Azbin. A bakin Azbin Buzaye suka tare su, sai da suka fanshi kansu da kaso mai yawa na kayansu. A watan Satumba suka sauka a Tintellust, ƙarƙashin inuwar Annur, wani dattijo shugaban Buzayen Kel Owi. Daga can Barth ya hau takarkari ya tafi Agadas a watan Oktoba, ya tarar da bikin naɗin Sarkin Agadas Abdulƙadir.

Daga Azbin zuwa kudu sai suka jira ayarin gishirin Bilma, wanda yake gangarowa ƙasar Hausa kowace shekara, suka shiga cikinsa. A Janairun 1851, a ƙasar Damargu, suka rabu da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Barth kuwa ya bi ta Tasawa da Katsina, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu 1851. Wato sama da wata goma ke nan daga teku, alhali ayarin da ya san kansa kan yi tafiyar cikin 'yan watanni. Jiran rakiya da cinikin kuɗin fito ne suka cinye lokacin.

Da gaske ne ya kusa mutuwa da ƙishirwa tun bai fita Sahara ba?

Gaskiya ne, kuma laifinsa ne. Kusa da Gat akwai dutsen Idinen, wanda Buzaye suke cewa gidan aljannu ne. Sun hana shi zuwa, babu wanda ya yarda ya raka shi, shi kuwa ya kama hanya shi kaɗai a tsakiyar Yulin 1850 da 'yar ƙaramar salka da busasshen guzuri. Iskar hamada takan jawo abu mai nisa ya zama kamar ga shi nan. Da ya matsa sai ya tarar da kwazazzabo mai zurfi tsakaninsa da dutsen. Ya hau, ruwansa ya ƙare da tsakar rana, a saukowa ya ɓace hanya. Ya kwana a fili, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa. Washegari da yamma wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi rai a hannun Allah. Bayan wannan bai ƙara raina maganar ɗan ƙasa kan ruwa da nisa ba, kuma ana ganin hakan a yadda ya riƙa rubuta rijiyoyi da zangon kowace hanya.

Me ya rubuta game da Kano?

Wannan ne ɓangaren littafinsa da aka fi ɗauka. Ya shigo a zamanin Sarkin Kano Usman, ya sauka a unguwar Dala, ba shi da lafiya, ba shi da kuɗi, ga masu bin bashi. Duk da haka ya zaga gari a kan doki, ya hau dutsen Dala ya zana birnin. Ya ƙiyasta mazauna birni 30,000, ya ce a lokacin kasuwa, daga Janairu zuwa Afrilu, sukan kai 60,000. Ya lura cewa fili mai yawa a cikin ganuwa gonaki ne, ga kuma Jakara a tsakiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta darajar tufafin da Kano take fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Ya bi sawun turkuɗi da riguna har ya gano cewa wasu sukan haura Gat da Gadamas, su zagaya ta Tuwat, sannan su sauko Tambutu, saboda hanyar kai tsaye ba ta da aminci. Ya lissafa takalma da jima da ake fitarwa, goron Gwanja da kanwar Borno da gishirin Azbin da ake shigowa da su. Ya yaba da cewa a gida ake wannan sana'a, mutum yana tare da iyalinsa, ba kamar ma'aikatan masaƙun Turai ba. A lissafinsa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali ci da sutura shekara guda.

Sai dai a riƙa tunawa cewa duk ƙiyasi ne, daga ido da kuma bakin dillalai. Wata guda kacal ya yi a wannan zuwan na farko, yana kuma fama da zazzaɓi. Alƙaluman sun fi amfani wajen gane wace haja ce ta fi wata girma, ba a ɗauke su kamar ƙidaya ba.

Da wane irin kuɗi ya yi tafiyar, kuma me ya sa kullum yake cikin talauci?

Kowace ƙasa da kuɗinta. A ƙasar Hausa wuri ne, kuma a Kano liyari ɗaya, wato dalar azurfa, wuri 2,500 ne. Ba a shirya wuri a zare a nan, da hannu ake ƙirgawa biyar-biyar, a zuba 20,000 a keso. A Tasawa ya ga an zauna ƙirgen wuri 500,000. A Borno ƙyallen gabaga na tafiya tare da wuri. A Bagarmi allurai ne suka ciyar da shi, har mutane suka yi masa laƙabi da su. Da zai nufi Tambutu kuwa, a kasuwar Katsina ya juya kuɗinsa zuwa turkuɗi da rigunan Kano da na Nufe da rawuna, domin yamma da Kwara tufa ce kuɗi.

Talaucin ya samo asali ne daga nisa. Wasiƙa daga Kukawa zuwa Landan da amsarta kan ɗauki shekara ko fiye, kuɗi kuma sai sun bi ayari ta Murzuk. Idan yaƙi ya tare hanyar Bilma sai komai ya tsaya. A tsakani sai ya ci bashi a hannun 'yan kasuwa Larabawa da riba mai tsanani. A 1854 jita-jitar mutuwarsa ta bazu har Turai, saboda haka da ya dawo Kano a watan Oktoba bai tarar da komai na jiransa ba.

Yaya ya yi da sarakuna? Kowa ya karɓe shi?

Ba kowa ba. Ƙa'idar a bayyane take: baƙo ya kai gaisuwa daidai da girman sarki, ya kuma ba waziri da sarkin baƙi nasu, sannan a ba shi masauki da izinin wucewa. Matsala kan taso ta hanya biyu. Ta farko ƙarancin gaisuwa. A Janairun 1851 Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki, yana ganin bai dace baƙo ya wuce shi da kayan kirki ya kai wa Kano ba, sai da aka ƙara masa alkyabba da wasu kaya. Ta biyu ita ce wanda ka zo tare da shi. A Yunin 1851 ya isa Yola da 'yan rakiya daga Borno, ashe suna ɗauke da wasiƙa kan rikicin iyaka. Lamiɗo Lawal ya ɗauke shi ɗan saƙon Shehun Borno, ya ce kuma ba shi da takarda daga Sakkwato, ya sallame shi cikin 'yan kwanaki.

Inda ya shirya da kyau kuwa abin ya yi kyau. A Afrilun 1853 ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, ya kai masa ƙananan bindigogi biyu masu adon azurfa, aka ba shi takardar aminci ga 'yan kasuwar Ingila da izinin wucewa yamma. Sarkin Gwandu Halilu bai yarda sun haɗu ido da ido ba, amma ya karɓi gaisuwa ya bar shi ya wuce.

Me ya kashe abokan tafiyarsa?

Zazzaɓi da gajiya. Richardson ya rasu ranar 4 ga Maris 1851 a Ngurutuwa, saura 'yan kwanaki ya isa Kukawa. Overweg ya haɗa jirgin nan ya shiga Tafkin Chadi a 1851, ya ziyarci tsibiran Buduma, sannan zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari ranar 27 ga Satumba 1852. A lokacin ba a san sauro ne ke kawo cutar ba. Barth yana da kwinin, ya sha fama da zazzaɓi da atini, amma yana da ƙarfin jiki, yana cin abincin ƙasa, kuma yakan bar gari mai dausayi da zarar ya ji jikinsa ya fara. Eduard Vogel, wanda aka aiko don ya taimaka masa, ba cuta ce ta kashe shi ba. An kashe shi a Wadai a 1856.

Me ya yi a Borno har kusan shekara biyu?

Ya isa Kukawa ranar 2 ga Afrilu 1851, ta hanyar Gumel, a lokacin da tawayen Buhari na Haɗeja ya hana fatake sakat. Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi, Kukawa ta zama masa gida, daga nan ya yi fita huɗu. Ta farko Adamawa, inda ya ga Binuwai a mahaɗarta da Faro ranar 18 ga Yuni 1851. Ta biyu Kanem tare da Larabawan Aulad Sulaiman. Ta uku ƙasar Musgu, kudu da Tafkin Chadi, tare da rundunar Borno, wadda amsa ta gaba ta yi magana a kanta. Ta huɗu Bagarmi a 1852, inda aka zarge shi, har aka sa masa mari na kwana huɗu. A can ne takardar Landan ta same shi, ta naɗa shi shugaban tafiyar.

Tun da an aiko su yaƙi da cinikin bayi, me ya sa ya bi rundunar kamun bayi?

Wannan ne tabo mafi girma a tafiyar, kuma tun yana raye aka soke shi a kai a Ingila. Daga ƙarshen 1851 zuwa farkon 1852 shi da Overweg suka bi Alhaji Bashir zuwa ƙasar Musgu. Hujjarsa ita ce babu wata hanyar ganin ƙasar, kuma gara a samu mai ba da shaida. Shaidar ya bayar ba tare da rufa-rufa ba: ƙauyuka da aka ƙone, rumbuna da aka wawashe, mata da yara da aka kora gaba, da manyan maza da aka sare wa ƙafa aka bar su jini ya ƙare. Babu wani bayani na ido da ido kan irin wannan hari a yankin da ya kai nasa. Amma ya ci abincin sansanin, kuma bai iya hana komai ba. Mai karatu ya riƙe abubuwan biyu tare. A Kano ma ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa a shekara da kimanin 5,000.

Yaya ya kai Tambutu, kuma wa ya cece shi a can?

Ya bar Kukawa ranar 25 ga Nuwamba 1852, ya bi Damagaram da Katsina. Tsakanin Katsina da Sakkwato akwai dajin Gundumi, inda mayaƙan Gobir ke tare hanya, ayarinsu ya ratsa shi cikin awa 26 ba sauka. Daga Wurno da Sakkwato da Gwandu ya haye Kwara a Say ranar 20 ga Yuni 1853, ya bi ta Dori da duwatsun Hombori. Da ya shiga ƙasar da ke ƙarƙashin Fulanin Masina, sai ya ce shi sharifi ne daga Sham, yana kai wa Shehun Tambutu littattafai. Jagoransa, wani Balarabe da ake kira Walati, ya san sirrin, ya kuwa yi ta tatsar kayansa da shi. Ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853.

Asiri ya tonu nan da nan. Sarkin Hamdallahi, babban birnin Masina, Ahmadu ɗan Ahmadu, ya aiko a miƙa shi. Shehun Tambutu, Ahmad al-Bakka'i al-Kunti, ya ƙi. Ya rubuta hujjoji na shari'a cewa baƙon da ya shigo da amana, daga ƙasar da ba ta yaƙi da Musulmi, jininsa haramun ne. Ya riƙa fita da shi sansaninsa na bayan gari idan abu ya yi zafi, ya kira Buzaye su tsaya masa. Shekara 27 kafin nan, a 1826, an kashe wani Bature matafiyi, Gordon Laing, jim kaɗan bayan ya bar wannan gari. Sai a Mayun 1854 Barth ya samu tafiya, Shehun da kansa ya raka shi har Gawo. Ba don wannan malami ba, da babu littafin da muke magana a kai.

Ta yaya ya auna hanya ya zana taswira?

Da kamfas da agogo da littafin aljihu. Yana kan doki ko raƙumi, duk bayan 'yan mintoci ya duba alƙiblar da aka nufa ya rubuta, da lokacin tashi da na tsayawa. Da yake ya san saurin tafiyar raƙumi mai kaya, sai ya juya lokaci ya koma nisa. Da daddare ya sake kwafewa. Raunin hanyar shi ne ƙaramin kuskure yakan taru ya yi yawa, kuma Barth ba ya auna taurari, Overweg da Vogel ne masu wannan. August Petermann, masanin zana taswira, ne ya haɗa bayanan ya fitar da taswirori a Jamus.

Garuruwan da bai taka ba kuwa, daga bakin madugai da alhazai ya same su, zango bayan zango, yana gwada maganar wannan da ta wancan. Ya iya yin haka ne saboda ba ya bukatar tafinta: ya koyi Hausa tun a hamada, sannan Barbarci, Fulatanci, Buzanci da harshen Songai.

Waɗanne malamai da littattafai ya samu?

A Kukawa ya samu jerin sarakunan Borno da tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Imam Ahmad ibn Fartuwa. A Masenya ta Bagarmi ya yi abota da Faki Sambo, Bafulatani makaho da ya san Aristo da Aflatun. A ƙasar Sakkwato ya zauna da Abdulƙadir ɗan Tafa, ya kuma sa shi a sahun gaba na malaman zamanin. A Gwandu aka ara masa Tarikh al-Sudan, ya yi kwanaki yana kwafar abin da ya iya, ta nan Turai ta fara sanin tarihin daular Songai da kyau. Ya yi kuskure ya jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman al-Sa'adi ne. Ya kuma rubuta labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai kamar yadda aka ba shi.

Su wane ne Dorugu da Abbega?

Yara biyu ne bayi da Overweg ya 'yanta, suka koma hannun Barth bayan rasuwarsa. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, Abbega kuwa Margi ne. Sun je Tambutu da shi, sun haye Sahara, sun je Ingila da Jamus. A Ingila Dorugu ya zauna da J. F. Schön, wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, aka buga su a Magana Hausa a 1885. Yana cikin tsofaffin dogayen rubuce-rubucen Hausa na boko. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, Abbega kuwa ya yi sarautar Lakwaja. A ambaci kuma Muhammad al-Gatruni, mutumin Fezzan, wanda ya riƙe masa raƙuma da kaya kusan tun daga farko har ƙarshe.

Ɗan leƙen asirin 'yan mulkin mallaka ne?

Bai zo da soja ba, kuma sai bayan shekara 48 da tafiyarsa Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, a 1903. Takardun da ya karɓo na ciniki ne da aminci, babu wadda ta ba da ƙasa. Amma ma'aikacin gwamnatin Ingila ne, rahotonsa ga ma'aikatar harkokin waje yake zuwa, kuma ya yi imani cewa shigowar cinikin Turai alheri ce. Rahotonsa kan Binuwai ne ya sa aka aiko jirgin Pleiad ƙarƙashin William Baikie a 1854, kuma ta wannan kogi da Kwara kamfanonin Ingila suka shigo daga baya. Hafsoshin Ingila da na Faransa sun karanta shi sun yi amfani da taswirorinsa. Saboda haka zargin da Lamiɗo Lawal da mutanen Masina suka yi masa ba shirme ba ne, ko da shi bai nufi yaƙi ba.

Yaya tafiyar ta ƙare?

A hanyarsa ta komawa Borno, ranar 1 ga Disamba 1854, ya yi kiciɓis da Vogel a daji kusa da Bundi, bayan sama da shekara biyu bai ga Bature ba. Suka zauna 'yan sa'o'i kowa ya kama gabansa. A Kukawa ya tarar an yi juyin sarauta a bayansa, an kashe Alhaji Bashir, Shehu Umar kuma ya dawo kan gado. Ya tashi a Mayun 1855 ta Bilma da Murzuk, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta, Landan ranar 6 ga Satumba. Tafiyar ta haura kilomita 15,000 cikin shekara biyar da wata biyar.

Littafinsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci. Bai yi kasuwa kamar na Livingstone, Baturen da ya zaga kudancin Afirka, ba, saboda tsawonsa da yawan bayanai. Ya samu kujerar farfesa a Jami'ar Balin a 1863, ya ci gaba da buga ƙamus na harsunan da ya tattara. Ciwon ciki ya kashe shi a Balin ranar 25 ga Nuwamba 1865, yana da shekara 44, bai yi aure ba. Gidajen da ya sauka a Agadas da Tambutu har yanzu ana nuna su ga baƙi.